Kafin a kira mai fenti: tsofaffin motocin soja da tarihin da muke kankarewa

Kwanakin baya na kai motata wani gareji a nan Bauchi a duba mini birki, sai na tarar an jawo wata tsohuwar Land Rover ta soja an ajiye a gindin dalbejiya. Wani bawan Allah ne ya saye ta a gwanjo, yana so ya kafa ta a wurin shaƙatawar da yake ginawa, yara su riƙa hawa ana ɗaukarsu hoto. Niyyarsa ba ta da laifi.

Yaron mai fenti ya duƙufa a kan ƙofar direba da samfefa, yana gurza yana watsa ruwa. Inda ya ci da zurfi sai ga launi hawa-hawa: kore a sama, fari a ƙarƙashinsa, can ƙasa kuma wani koren mai duhu. A kan farin akwai ragowar wasu baƙaƙen haruffa.

Na ce masa, "Malam, ɗan dakata mana mu ga abin da aka rubuta."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji ya ce jibi yake so ta fito fes." Ya ci gaba da gurzarsa.

Ban ga laifin yaron ba, aikin da aka biya shi yake yi. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin ɗabi'a ce da ta game ƙasar nan. Duk tsohuwar igwa, ko tankar yaƙi, ko mota mai sulke da aka kafa a ƙofar bariki ko a shataletale, da zarar biki ya matso sai a aiko mai fenti. A kankare, a toshe ramuka da filla, a feshe ta da kore mai sheƙi, a shafa wa tayoyi fari. Kowa ya tafa, a ce an gyara.

Ra'ayina shi ne: tsohuwar motar soja da har yanzu take ɗauke da fentin da ta yi aiki da shi, kada a kankare ta. A wanke ta, a tsayar da tsatsa, a yi mata rumfa, a bar ta da kamanninta. Sake fenti yana da wurinsa, zan kuma zo kansa, amma ya kamata ya zama mataki na ƙarshe. Mu a nan shi muka mayar na farko.

Abin da fenti yake faɗa

Mai mota yana kallon fenti a matsayin ado. A wurin soja kuwa fenti umarni ne da ya fito daga sama, kuma kowane launi da kowace alama akwai dalilinta.

Motocin aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya farare ne, da manyan baƙaƙen haruffa biyu, wato UN, a jikinsu. Sojojin Najeriya sun yi irin wannan aiki a Kwango daga 1960, sun yi a Lebanon daga 1978, sun yi a Saliyo da Laberiya da Darfur. Saboda haka idan aka ga fari a tsakanin kore biyu a jikin motar soja, tambaya ta taso ke nan. Mai yiwuwa motar ta ƙetare iyaka ta dawo. Mai yiwuwa kuma asibitin bariki ta yi wa aiki, ko wani ɗan kasuwa ne ya taɓa shafa mata. Haruffan nan ne za su raba gardama, idan samfefa ba ta riga mu ba.

A tsarin sojan Ingila, wanda namu ya taso daga cikinsa, ana zana wa mota tambarin runduna da lambar da ke nuna ɓangaren da take yi wa aiki. A gabanta kuma akwai wani zagaye mai ruwan ɗorawa da lamba a ciki, mai nuna nauyinta, don mai gadin gada ya san ko gadar za ta ɗauke ta. A Yaƙin Duniya na Biyu har wani fenti na musamman ake shafawa a saman murfin inji, inda direba zai iya gani, wanda ke sauya launi idan iskar guba ta taɓa shi. Kakanninmu da suka je Burma sun yi yaƙi a Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne, na ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye a kan gammo, saboda 'yan dakon da suka ɗauki kayan yaƙi a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. Da za a tsinci mota guda a ƙasar nan mai ɗauke da ragowar ɗayan tamburan nan, wannan ɗan zanen da bai wuce tafin hannu ba ya fi injinta daraja.

Launi ma yana faɗin shekara. A watan Fabrairun 1943 Jamusawa suka daina fitar da tankokinsu da launin toka mai duhu, suka koma ruwan ƙasa mai haske, aka riƙa ba sojoji kore da ja-ja-ja su ƙara da kansu a fagen daga, kowa da irin hannunsa. Wanda ya san wannan, da ganin tanka zai gaya maka lokacin da ta fito. Kuma a cikin waɗanda sojoji suka yi wa da hannu, da wuya a sami tankoki biyu da zanensu ya zo daidai, tunda ba a masana'anta aka yi ba.

Sai kuma abubuwan da ba umarni ne ya kawo su ba. Wurin da takalmin direba ya goge wajen hawa. Sunan da wani kofur ya karce da ƙusa a cikin murfi. Lotsawar da harsashi ya yi. Waɗannan babu takardar da ta rubuta su a ko'ina. A ƙasar da fayil ke ɓata tsakanin wannan ofis da wancan, sau da yawa jikin motar ne kaɗai shaidar da ta rage.

Wanda yake ganin na cika zuzuta abu, ya tuna da baƙar Marsandin Janar Murtala Muhammed da ke gidan tarihi na ƙasa a Onikan, Legas. A cikinta aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairun 1976, kuma ramukan harsasan suna nan a jikinta. Da wani zai kai ta wurin mai gyaran jikin mota a toshe ramukan a feshe ta, ƙasar nan ba za ta yafe masa ba. Mutane ba Marsandi suke zuwa kallo ba, Marsandi ta cika titi. To me ya sa abin da muka fahimta a kan motar shugaba muka kasa fahimtarsa a kan motar saje da kofur?

"Ai tsatsa za ta cinye ta"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Ƙarfen da ba shi da kariya yana mutuwa.

Sai dai a lura da inda tsatsa take kama mota. Ba ta cika farawa daga faffaɗan gefen da rana ke duka ba. Tana farawa ne daga inda ruwa ke kwanciya: ƙasan ɗakin direba, lungunan da laka ta maƙale, ƙarƙashin tabarmar roba, bakin murfin da aka bari a buɗe damina ta cika shi. Mai fentin biki bai taɓa waɗannan wuraren ba. Abin da ido ke gani daga titi yake fesawa. Sai ka ga mota tana sheƙi a waje, ka leƙa ciki ka tarar da ruwan watan Agusta a kwance, ƙasanta ya zama rariya.

Har ma yakan ƙara ɓata lamarin. Idan aka fesa sabon fenti a kan tsatsar da ba a kashe ba, danshi aka rufe a ciki. Bayan damina ɗaya ko biyu fentin ya kumbura ya fashe, a sake ba da wata kwangilar. Garin gyaran gira a rasa ido.

Ita Land Rover ta da ma, yawancin jikinta alminiyon ne, ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Cutarta tana cikin shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba. Wato ƙofar da yaron can yake gurza ba ita ce mai neman magani ba.

Allah ya ba mu wata dama da Turawa ke kashe maƙudan kuɗi kafin su samu, wato bushewar iska. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu kusan babu ruwa a Bauchi, babu kuma gishirin teku irin na Legas ko Fatakwal. Saboda bushewa ne Amurka ta zaɓi hamadar Arizona take ajiye dubban tsofaffin jiragen yaƙinta. Maƙiyanmu a nan biyu ne: rana mai koɗar da fenti har ya zama gari, da ruwan 'yan watannin damina. Rumfar kwano guda tana maganin duka biyun.

Abin da ake bukata ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Daɓen siminti mai ɗan gangara don kada ruwa ya tsaya. A ɗaga motar a kan turakun ƙarfe don tayoyi su huta. A wanke ƙura da ruwa da sabulu marar kaifi, da tsumma mai laushi. Inda tsatsa ta fito, a bi ta wuri-wuri da ɗan burushi da maganin kashe tsatsa. Inda fenti ke ɗagowa, masu aikin gidajen tarihi suna da wani ruwan gam marar launi da suke manna shi da shi, wanda ake iya narkarwa a cire idan an so. Daga nan a shafe jikin da kaki na musamman, a riƙa sabuntawa lokaci-lokaci. Kyan wannan hanya shi ne duk abin da aka yi ana iya warware shi. Kankarewa kuwa, in an yi ta, ba a iya warware ta.

Na san dalilin da ya sa ba a son wannan hanya, kuma ba tsada ba ce. Rumfa sau ɗaya ake yin ta. Fenti kuwa duk shekara akwai takardar biya.

"Soja da tsafta aka san shi"

Wani tsohon soja da muke sallah masallaci ɗaya, da na kawo masa zancen, cewa ya yi, "Yaro, mu a zamaninmu motar da ta koɗe kunya ce ga mai ita. Kana so a bar motarmu kamar ta 'yan gwangwan?"

Na ce, "Baba, ba haka nake nufi ba."

Maganarsa tana da nauyi, ba kuma zan yi mata riƙon wasa ba. A bariki dutse ma fari ake shafa masa, gindin bishiya ma haka. Motar da ke bakin aiki dole a yi ta sabunta ta, domin kayan aiki ce, gobe za a fita da ita. Wasu ma suna ƙarawa da cewa al'adarmu ke nan: ginin ƙasa duk shekara ake yi masa yaɓe kafin damina, babu wanda ya ce an ɓata soron kakansa don an yaɓe shi.

Gaskiya ne. Amma mai yaɓe ƙari yake yi a kan abin da ya tarar, da irin ƙasar da aka yi ginin, kuma ya gaji sana'ar daga waɗanda suka san yadda soron yake. Ba ya rushe zanen da ke bango sannan ya zana nasa. Haka fentin da soja ya yi wa motarsa tana bakin aiki: ƙari ne a kan na baya, da launin da hukuma ta fitar, kuma shi ma ya shiga cikin tarihinta. Wanda ake yi yanzu daban ne. A kai har ƙarfe, sannan a sa duk koren da aka samu a kasuwa, wani lokaci ma a yi wa motar shekarun 1960 dabbare-dabbaren kakin sojan yau, wanda ba ta taɓa sawa ba.

Daga ranar da aka sauke mota daga aiki aka kafa ta don a riƙa kallo, aikinta ya sauya. Ta zama shaida. Shaida kuwa ba a yi mata kwalliya.

Kuma barin fenti na asali ba shi ne ƙazanta ba. Motar da aka wanke, aka shafa mata kaki, tana ƙarƙashin rumfa, da allo a gabanta mai bayanin inda ta je da waɗanda suka tuƙa ta, ta fi kwarjini a kan wadda ke ƙyalli kamar akwatin lefe tana gasuwa a rana babu ko suna.

A arewacin Faransa akwai wata tankar Ingila da ake kira Deborah. An harbe ta a yaƙin Cambrai cikin Nuwamban 1917, aka binne ta a rami, sai a 1998 aka tono ta a ƙauyen Flesquières. Faransawa ba su rasa fenti ba, ba su rasa maƙera ba. Sun bar ta yadda ta fito, da ramukan da harsasan igwa suka yi mata, suka gina mata ɗaki. Mutane suna tasowa daga wasu ƙasashe don su tsaya a gabanta.

"To wane fentin ne na asali?"

Wannan tambayar ce ta fi ba ni wahala. Mota mai sulke ƙirar Ferret ko Saladin da aka ƙera a Ingila ta zo da launinta na masana'anta. Ta shiga yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, wataƙila aka sauya mata. Bayan yaƙi aka yi ta shafa mata wani a kan wani. Wanne za a ce shi ne nata?

Masu kula da tsofaffin gine-gine sun yi wannan muhawarar tun da daɗewa. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta ce a mutunta gudummawar kowane zamani a jikin gini, kuma gyara ya tsaya a daidai inda zato ya fara. Masu tsofaffin motoci ma sun fitar da tasu, Yarjejeniyar Turin, wadda ta fara aiki a 2013, kuma hanya ɗaya suka bi. A taƙaice dai, duk fentin da mota ta sa tana bakin aiki nata ne. Wanda ake iya cirewa shi ne wanda aka liƙa mata bayan ta yi ritaya.

Ana kuwa iya cire shi ba tare da an taɓa na ƙasa ba, idan akwai haƙuri. A gidan tarihin jiragen sojan ruwan Ingila da ke Yeovilton akwai wani jirgin yaƙi ƙirar Corsair da aka ƙera a 1944. A 1963 aka yi masa sabon fenti don ya yi kyan gani. Daga shekarar 2000 ma'aikatan wurin suka zauna suna ɗaye fentin 1963 ɗin kaɗan-kaɗan, suka shafe shekaru suna yi, har fentin lokacin yaƙi ya fito da lambobinsa da ƙananan rubuce-rubucen masana'anta da duk ƙujewarsa. Abin da ya cece shi kawai shi ne mai fentin 1963 bai kankare ba, a kai ya shafa.

A nan akwai darasi mai sauƙi ga masu fentinmu. Idan har an matsa sai an yi fenti, Oga ya ce baƙi na zuwa kuma ba ya jin magana, to a shafa a kai, kada a gurje. Wanda zai zo bayanmu, mai ilimi da kayan aikin da suka fi namu, zai tarar da abin da zai tono.

Wani abin kuma: kada a dogara da "ai kowa ya san launin soja". An saba cewa motar yaƙi ba ta sheƙi don kada rana ta tona asirinta, kuma haka ne a lokacin yaƙi. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojan Ingila sun daɗe suna amfani da wani kore mai duhu mai ƙyalli. Ke nan ko wanda ya yi karatu zai iya kuskure idan ya tsaya ga zato. Amsar tana jikin motar, a bayan wani ƙarfe da aka ɗaure da noti, ko cikin akwatin kayan aiki, inda rana ba ta taɓa shiga ba.

Inda na yarda a sake fenti

Akwai motar da babu sauran abin da za a adana a jikinta. An riga an kankare ta sau uku, ko gobara ta cinye fentin, ko ta shekara arba'in a fili har ta koma jan ƙarfe. Irin wannan a yi mata sabo, a kuma yi mai kyau. Sharaɗina shi ne a fara ɗaukar hoton kowane gefe, a auna duk wata alama da ta rage, a nemi launin a ɓoyayyun wuraren da na ambata, a bar wani ɗan fili ko da faɗin littafi ne ba a taɓa ba. A kuma rubuta a allon gabanta cewa an sake mata fenti a shekara kaza. Babu abin kunya a ciki.

Akwai kuma motar da ake so ta riƙa tafiya, a fito da ita ranar fareti, yara su ji ƙarar injinta. Gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila yana da tankar Jamus mai suna Tiger 131, wadda aka kama a Tunisiya a watan Afrilun 1943, kuma ita kaɗai ce irinta da ke tafiya a duniya yanzu. Sun sake mata fenti, amma sai da suka binciki ragowar na asali a jikinta suka gano launukan, kuma tabon harbin da ya tsayar da ita yana nan ba a toshe ba. Idan muna da motoci uku iri ɗaya, a gyara guda ta riƙa fita, a bar wadda ta fi cikar alamu yadda take.

Sai batun doka, wanda ya shafi masu saye a gwanjo. Tun zamanin mulkin soja akwai dokar tarayya da ta hana farar hula hawa titi da mota mai launin koren soja, kuma a halin tsaron da muke ciki babu mai hankalin da zai ce a sassauta ta. Wanda ya sayi tsohuwar motar soja don ya riƙa dakon masara daga Alkaleri ko Ningi, dole ya sauya mata launi, ba ni da ja. Roƙona gare shi ɗaya ne: ya ɗauki hotonta da wayarsa kafin a fara, ya kuma ce a shafa a kai. Amma wanda zai kafa ta wuri guda don kallo, yana ɓatar da ainihin abin da ya sa ta fi sauran motoci ne da hannunsa, har da biyan kuɗi.

Wata magana da ba a cika yi ba ita ce lafiyar masu aikin. Tsofaffin fentin ƙarfe, musamman jan da ake fara shafawa a ƙasa, da yawansu akwai dalma a ciki. Yaron da ke gurzar irin wannan a bushe, babu abin rufe hanci, ƙurar yake shaƙa, ya kuma kai ta gida a jikin rigarsa. Mu 'yan Arewa mun san abin da gubar dalma take yi: a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, ko da yake a can daga duwatsun zinare ta fito. Fentin da ke zaune lafiya a jikin ƙarfe, an rufe shi da kaki, bai kai wanda aka mayar gari haɗari ba.

Bauchi ce ya kamata ta fara

Idan akwai garin da wannan magana ta shafa a Najeriya, to namu ne. A nan hedikwatar rundunar motoci masu sulke ta sojan ƙasa take, a nan makarantarsu take. Duk wanda ya tuƙa tanka a ƙasar nan da wuya a ce bai sha ruwan Bauchi ba. A nan kuma kamfanin Steyr na ƙasar Ostiriya ya kafa masana'antar haɗa manyan motoci da taraktoci a ƙarshen shekarun 1970, kuma akwai dattawa a garin nan da suka yi aiki a cikinta, ciki har da waɗanda suka riƙe injin feshi.

Duk da haka, mai son ganin kayan yaƙin basasa a tattare wuri guda sai ya tafi Umuahia, inda aka kafa gidan tarihin yaƙi na ƙasa a 1985. A can ake ganin motoci masu sulke na gwamnatin tarayya kusa da waɗanda 'yan Biyafara suka ƙera da hannu. Ɗalibin sakandare daga Misau ko Azare ba zai je Umuahia ba. Amma ana kawo shi Bauchi ziyarar kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da akwai wata rumfa a garin nan mai motoci biyar ko shida, kowace da kamanninta da bayaninta, da malamansu sun ƙara zango ɗaya a tafiyar.

Ba sai an jira babban gini ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne ƙidaya: a bi duk inda aka kafa tsohuwar mota ko igwa ko tanka, a rubuta lambar shasinta, a ɗauki hotuna, a duba wacce ce har yanzu take da fentin aikinta. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da ma'aikatan da suka san aikin adana kaya. Sojoji suna da motocin da makanikai. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana da ɗaliban injiniya da na kimiyyar haɗa sinadarai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Abin da ya rage umarni ne guda daga sama, cewa kada a sake kankare wata tsohuwar motar da aka kafa sai an duba ta an rubuta.

Gaggawar tana da dalili biyu. Na farko 'yan jari-bola: su a wurinsu tanka nauyi ce kawai, kuma duk motar da aka yasar a bayan gareji ba tare da an san darajarta ba, ƙarshenta sikeli. Na biyu su ne mutanen da za su iya karanta alamun. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1967, yau ya doshi 80. Su ne za su kalli wata lamba da ta kusa gogewa su ce wannan ta bataliya kaza ce, da ita muka ƙetare wuri kaza. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ana tara su a ajiye furanni a yi musu jawabi. A wannan ranar ma za a iya ɗaukar biyu ko uku daga cikinsu a kai su gaban motocin, da mai riƙe da waya yana naɗar abin da za su faɗa, tun kafin mai fenti ya iso.